Dayis Biyar, Kwabo Ɗaya da Gwangwanin Maɓallai: Kundin Koyon Ƙididdiga

Litinin, 6 ga Janairu

Na ci darasin ƙididdiga a makaranta shekarun baya, amma jarrabawar kawai na ci. Haddace fomula na yi, na juye a takarda, na fito na manta. Yanzu aiki ya kawo ni inda kowane mako sai an ajiye mini rahoto mai ɗauke da "p ƙasa da 0.05", ni kuma in yi ta gyaɗa kai kamar na gane. Makon jiya wata abokiyar aiki ta tambaye ni ma'anar wannan 0.05 ɗin. Na buɗe baki, na rasa abin faɗi. Kunyar ranar ce ta sa na buɗe wannan kundi.

Tsarin: makonni takwas, awa ɗaya kullum da dare, awa uku ranar Asabar. Zan fara da ilimin yiwuwa, in shiga ɗibar samfur, in ƙare da gwajin hasashe. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: ba zan yarda da kowace fomula ba sai na gwada ta da hannuna, ko na sa kwamfuta ta gwada a gabana. Kayan aiki: kwabo ɗaya, dayis biyar na ludo, littafin rubutu, da Excel. Akwai wani tsohon malamin lissafi da ya yarda in riƙa kiransa idan na kakare. A nan zan riƙa ce masa Malam.

Laraba, 8 ga Janairu

Malam ya ba ni aiki biyu. Na farko, in zauna in rubuta sakamakon jefa kwabo sau 200 daga kaina, ba tare da na jefa ba. Na biyu, in jefa na gaske sau 200. Na tura masa hotunan biyun ba tare da na nuna wanne ne wanne ba. Ko minti ɗaya bai yi ba ya ce, "Na hagun nan naka ne." A jerin da na ƙirƙira babu inda fuska ko baya ta zo fiye da sau huɗu a jere, don da na rubuta uku sai hannuna ya ji ya kamata a canza. A na gasken kuwa akwai wurin da baya ta zo sau bakwai a jere. Ina jefawa ina cewa a raina yanzu kam dole fuska ta fito. Kwabon ko a jikinsa, ba ya tuna abin da ya wuce.

Fuska 107 na samu. Wani masanin lissafi, John Kerrich, da aka tsare a Denmark lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya jefa sau 10,000 ya samu 5,067. Ya zarce rabi da 67, ni da 7 kacal, amma nasa kashi 50.67 ne cikin 100, nawa 53.5. Ashe kason ne ke matsowa kusa da rabi, ba wai kwabon yana biyan bashin abin da ya wuce ba. Wannan ita ce dokar manyan lambobi da ke littafin Jacob Bernoulli, wanda aka buga a 1713, shekara takwas bayan rasuwarsa.

Asabar, 11 ga Janairu

Kuskuren farko. Tambayar: idan aka jefa dayis sau huɗu, mene ne yiwuwar shida ta fito aƙalla sau ɗaya? Da ƙarfin hali na tara ɗaya bisa shida sau huɗu, na samu kashi 67. Malam bai ce na yi kuskure ba, cewa ya yi, "To, idan sau bakwai ne fa?" Bakwai bisa shida ke nan, yiwuwar da ta wuce tabbas. Sai na yi shiru.

Hanyar ita ce a bi ta bayan gida: a lissafa yiwuwar shida ta ƙi fitowa gaba ɗaya, wato biyar bisa shida a ninka da kansa sau huɗu, 0.482, a cire daga ɗaya. Amsa 0.518. Ba a tara yiwuwa kai tsaye sai abubuwan ba za su iya faruwa tare ba, shida kuwa tana iya fitowa a jifa ta farko ta sake fitowa a ta uku. Irin tunanin nan nawa zai ce dayis biyu su ba da shida-shida cikin jifa 24 ma kashi 67 ne, alhali 0.491 ne, ƙasa da rabi. Tambayoyin dayis irin waɗannan suna cikin abin da Pascal da Fermat suka yi musayar wasiƙu a kai a 1654. Na ɗan ji sanyi da na ga ramin tsoho ne, ba ni na fara faɗawa ba.

Na jefa huɗu-huɗu sau 100 don in gani da idona. Sau 54 shida ta fito. Ya fi kusa da 52 nesa ba kusa ba a kan 67.

Talata, 14 ga Janairu

Atisaye 15 kan ninkawa da tarawa. Na ci 12. Babu labari.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ka'idar Bayes ta cinye mini kwana uku. A fomula ba ta shiga kaina, sai da na mayar da ita mutane. A ce cuta tana jikin mutum 1 cikin 100, gwaji yana kama kashi 90 na masu ita, yana kuma yi wa kashi 5 na masu lafiya ƙarya. Cikin mutum 10,000, masu cutar 100 ne, gwaji ya kama 90. Masu lafiya 9,900, gwaji ya shafa wa 495 kashin kaji. Waɗanda gwaji ya nuna suna da ita 585 ke nan, amma 90 ne kawai na gaskiya, kashi 15 da ɗoriya. Da aka tambaye ni kafin in zana teburin, kashi 90 zan ce.

Abin da na rubuta da jan biro: "yiwuwar gwaji ya nuna cuta idan mutum yana da ita" daban, "yiwuwar mutum yana da ita idan gwaji ya nuna" daban. Malam ya ce in naɗe kusurwar shafin, zan dawo masa. Bai faɗi dalili ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Matsakaici da ma'aunin warwatsuwa. Na lissafa na dayis da hannu: matsakaici 3.5, warwatsuwa 1.708. Batun raba wa n cire ɗaya a samfur maimakon n, wato yawan lambobin samfurin: na fahimci dalilin a baki, cewa lambobin samfur sun fi kusa da matsakaicin kansu fiye da na ainihin taron da aka ɗebo su, don haka raba wa n yana rage warwatsuwar. Ban gwada ba tukuna. Bashi ne.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau ce ranar da na fi jin daɗi tun da na fara. Ƙanwata ta zauna da biro, ni ina zuba dayis biyar a kofi ina kifewa. Kowace kifewa ta tara, ta raba biyar, ta rubuta. Sau 60. Wajen na 40 ta ce, "Yaya, wai wannan karatu ne ko dai wasa kake a fakaice?"

Dayis ɗaya ba shi da gata: 1 zuwa 6 duk rabonsu ɗaya, zanensa a shimfiɗe yake kamar tebur. Amma da muka jera matsakaitan nan 60 muka zana, sai ga tudu a tsakiya, wajen 3.2 zuwa 3.8, gefe da gefe yana sauka. Mafi ƙanƙanta 1.8, mafi girma 5.2, kuma kowanne sau ɗaya ya zo. Warwatsuwarsu 0.79. Fomula ta ce a raba 1.708 da tushen murabba'in 5, a samu 0.764.

Sai yau na gane cewa abubuwa uku ne na cakuɗa tun ina makaranta. Akwai rarrabuwar ainihin taron, wato dayis da fuskokinsa shida. Akwai rarrabuwar samfur guda, wato lambobi biyar ɗin da ke ƙarƙashin kofi. Sannan akwai ta uku, rarrabuwar matsakaitan da za a samu da za a yi ta maimaita ɗibar. Ta ukun nan ba a ganinta a aiki, domin mai bincike sau ɗaya yake ɗiba. Ita ce kuma ginshiƙin duk abin da ke gaba. Shi ya sa ba ta taɓa zama mini ba: ana ta ba ni labarin abin da ban taɓa gani ba. Yau na gan ta a takarda, da rubutun ƙanwata.

Laraba, 29 ga Janairu

Na koma Excel don in faɗaɗa. Layi 1,000, kowane layi dayis 30 da RANDBETWEEN, a ƙarshe AVERAGE. Zanen ya fito da siffar ƙararrawa tsaf. De Moivre ya hango wannan siffa a jefa kwabo tun 1733, Laplace ya faɗaɗa ta a 1810.

Sai dai warwatsuwar ta ƙi. Fomula ta ce 0.312, ni ina samun 0.38. Na danna F9 lambobi suka sabunta: 0.39, 0.38, 0.38. Na fara zargin Excel da cewa lambobinsa ba na gaskiya ba ne, har na rubuta wa Malam dogon saƙo a kai. Kafin in tura, sai na ce bari in juya tambayar: wane n ne zai ba da 0.38? Na raba 1.708 da 0.38, na ninka amsar da kanta. Ashirin da ɗan kai. Na leƙa fomular, ashe daga A zuwa T ta tsaya, ginshiƙi 20, ba ta kai AD ba. Na fara da dayis 20 ne, daga baya na ƙara goma ban gyara ba. Na bar jaki ina dukan taiki. Da na gyara, 0.31.

Awa biyu da rabi suka tafi. Amma wannan ne karo na farko da ka'ida ta kama mini kuskure, maimakon ni in riƙa bin ta ido rufe. Na goge saƙon.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sabon gwaji, na kaso maimakon matsakaici. Na samo maɓallan riga 1,000, ja 300, fari 700, muka ƙirga sau biyu muka zuba a babban gwangwani. A girgiza, a rufe ido, a ɗebo 25, a ƙirga jajaye, a mayar. Sau 40. Tun da ni na zuba, na san gaskiyar: 0.30. Kowane samfur zai yi yawo, warwatsuwar da ake sa rai wajen 0.09, amma matsakaicin duka 40 ɗin ya kamata ya zauna daf da 0.30, kuskurensa bai fi 0.015 ba a al'ada.

Mun samu 0.38. Jajaye 380 cikin ɗiba 1,000.

Na fara cewa sa'a ce. Amma tazarar 0.08 ta ninka 0.015 fiye da sau biyar, sa'a ba ta kai nan. Na ce ƙanwata ta yi kuskuren ƙirga. Ta ce, "Yaya, ni na ƙirga daidai, sai dai hannunka." Muka sake zazzage gwangwanin muka ƙirga: 300 da 700. Na kwanta da abin a raina.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ruwa ba ya tsami banza. Da safe na buɗe gwangwanin bayan na girgiza, na kalli saman da kyau kafin in sa hannu. Ja ya fi yawa a sama, a fili. Na ɗauki ja ɗaya da fari ɗaya na haɗa su baya da baya: jan ya ɗan fi faɗi, ya kuma fi kauri. Idan aka girgiza, ƙananan suna zurarewa ƙasa ta cikin ramuka, manyan su taso. Ga shi kuma yatsa ya fi saurin cafke babba. Ƙanwata ta yi gaskiya, hannuna ne, da girgizar da nake taƙama da ita.

Abin da ya fi tsaya mini: da na yi ɗiba 400 maimakon 40, da ban matso kusa da 0.30 ba ko kaɗan. Da sai dai in ƙara samun tabbaci a kan 0.38, amsar da ba daidai ba. Yawan samfur yana maganin yawon sa'a ne kawai, ba ya maganin karkata.

Da na ba Malam labari, dariya ya yi ya ce in karanta abin da ya faru a Amurka a 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi wajen miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe da kusan kashi 61, Landon ya tsira da jihohi biyu kacal. Sunayen da mujallar ta yi amfani da su sun fito daga wurare irin su kundin masu tarho da rajistar masu mota, sannan waɗanda suka ga damar mayar da amsa su ma ba kamar sauran jama'a ba ne. George Gallup, da samfurin da bai kama ƙafar nasu ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Manyan maɓallai ne suka taso sama.

Gyara: na cire jajayen, na samo farare 300 irin sauran sak, na ɗiga musu alama da maka a baya. Asara: kwana biyu da maɓallai 300 da ban san abin da zan yi da su ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Mun maimaita ɗiba 40 da sabon gwangwani. Matsakaici 0.307. Samfur mafi ƙanƙanta 3 cikin 25, mafi girma 12. Da wanda ya ɗebi 3 ɗin shi kaɗai ne a duniya, zai rantse kashi 12 ne.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Tazarar amincewa ta kashi 95. Na sa Excel ya yi samfur 100, kowanne maɓalli 100, daga taron da gaskiyarsa 0.30. Kowane samfur na lissafa kasonsa, na ƙara na kuma rage 1.96 sau kuskuren ɗiba, wato warwatsuwar kason daga samfur zuwa samfur, wajen 0.09 kowane gefe. Na zana su a jere kamar sanduna, na ja layi a 0.30. Sanduna 94 sun taɓa layin, 6 sun kauce.

Ma'anar kashi 95 ke nan: yabon hanyar ne, ba na sandar da ke hannunka ba. Layin gaskiya yana nan a kafe, sandunan ne ke tsalle. Kuma in da sanda ɗaya aka miƙo mini, babu yadda zan san ko tana cikin shidan nan. Jerzy Neyman ne ya shimfiɗa wannan tsari a 1937.

A gefe: yanzu na san inda "ƙari ko ragin maki 3" na ƙuri'ar jin ra'ayi ya fito. Mutum 1,000 ne ke ba da shi. Mai son ya rage shi zuwa rabi sai ya nemo 4,000, saboda tushen murabba'i ba ya sakin abu da arha.

11 zuwa 17 ga Fabrairu

Zazzaɓi, sannan aikin ofis da ya taru. Ban buɗe littafi ba. Mako guda ya tafi, makonni takwas sun zama tara.

Talata, 18 ga Fabrairu

Gwajin hasashe, dalilin fara tafiyar. Da rarrabuwar nan ta uku a kai, sai abin ya zo da sauƙin da ya ba ni haushi. Ka ɗauka babu komai, kwabo lafiyayye ne. Wannan shi ne hasashen babu. Ka zana yadda sakamako zai yi yawo in haka ne. Ka duba inda naka ya faɗa. In ya faɗa can bakin gaɓa inda ba a cika zuwa ba, sai ka fara zargin abin da ka ɗauka. Ashe abin da na yi ke nan daren 1 ga Fabrairu, lokacin da na ce sa'a ba ta kai 0.38 ba, ban dai san sunansa ba.

Tunanin ya girmi sunan. A 1710 John Arbuthnot ya duba rajistar baftismar jarirai a Landan ta shekara 82, daga 1629, ya ga kowace shekara maza sun fi mata yawa. Ya ce in da rabi da rabi ne, yiwuwar haka rabi ne a ninka da kansa sau 82, abin da ya yi ƙanƙantar da ba za a jingina shi ga sa'a ba.

Atisayen yau: jifa 100, fuska 60. Ƙimar p ta ɓangare biyu, wato an haɗa rinjayen fuska da na baya, 0.057. Fuska 61 kuwa, 0.035. Jifa ɗaya tal ce tsakanin "ba a samu komai ba" da "an samu". R. A. Fisher ne ya yaɗa wannan iyaka ta 0.05 ta littafinsa na 1925, a matsayin ma'auni mai sauƙin aiki. A ganina wanda ya ɗauki 0.057 da 0.035 a matsayin dare da rana bai taɓa jefa kwabo sau 100 ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na kira Malam da murna na ce yanzu zan iya ba abokiyar aikina amsa. Ya ce in gwada a kansa. Na ce, "Idan p ta zama 0.035, yiwuwar cewa kwabon lafiyayye ne kashi 3.5 ne kawai."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Buɗe shafin da ka naɗe."

Na buɗe, ga jan birona yana kallona. Na sake juya sharaɗin, kamar mai cewa kashi 90 a gwajin cuta. Ƙimar p tana cewa: in kwabon lafiyayye ne, sau nawa za a ga sakamako mai nisa haka ko fiye. Ba ta cewa: tun da an ga wannan sakamako, mene ne yiwuwar kwabon lafiyayye ne. Ta biyun tana buƙatar sanin wane irin kwabo aka miƙo maka tun farko. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ai kusan ɗaya ne." Ya ce, "Kusan duk wanda ya ci tseren gudu yana da ƙafa biyu. Masu ƙafa biyu nawa ne suka ci tsere?"

Ba ni kaɗai ba ne, in ji shi. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa a 2016 kan yadda ake karkatar da ma'anar p, kuma wannan kuskuren yana ciki. Na fasa zuwa wurin abokiyar aikin sai wani makon.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na ƙirƙiri rukuni biyu daga lambobin banza, babu wani bambanci tsakaninsu, na gwada su a kan ma'auni 20 daban-daban. Na 13 ya ba da p 0.03. Da mugun nufi gare ni, shi kaɗai zan rubuta in binne 19. Lissafi ya ce yiwuwar aƙalla ɗaya cikin 20 ya tsallake iyakar kashi 64 ne, ta hanyar bayan gidan nan ta ranar 11 ga Janairu. Tambayar da zan riƙa yi wa kowane rahoto daga yau: gwaji nawa aka yi kafin a samu wannan?

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kuskure iri biyu, kamar yadda Neyman da Egon Pearson suka tsara a 1933: ka ɗora wa lafiyayyen kwabo laifi, ko ka wanke mai laifi. Na biyun ne ban taɓa damuwa da shi ba. Na sa Excel ya yi kwabo mai karkata, fuska kashi 60, jifa 100, maimaici 1,000. Sau 455 kawai gwajin ya kama shi. Lissafi ya ce kashi 46. Wato kwabo mai laifi ƙarara, amma fiye da rabin lokaci sai ya fita salin alin. Kafin a kama shi sau 8 cikin 10 sai an yi jifa wajen 200.

Akwai rahoton da na taɓa sa wa hannu mai cewa "babu bambanci", da mutum talatin da wani abu. Yau na tuna shi, ban ji daɗi ba.

Asabar, 1 ga Maris

Ƙaramin samfur. Na ɗebo biyar-biyar daga rarrabuwa mai siffar ƙararrawa, na gina tazara da 1.96 kamar da, ina amfani da warwatsuwar samfurin. Cikin 1,000, wajen 880 ne suka kama gaskiya, ba 950 ba. Wannan karon ban zargi Excel ba. Dalilin: warwatsuwar da ka ciro daga lamba biyar ita kanta yawo take yi, wani lokaci ta fito ƙarama ainun, tazarar ta tsuke. Da na sa 2.776 na rarrabuwar t, wadda aka tsara don ƙaramin samfur, sai aka koma wajen 950.

William Gosset ne ya warware wannan a 1908. Ma'aikacin kamfanin Guinness ne a Dublin, ya buga aikin da sunan aro, Student. Abin da ya burge ni shi ne yadda ya gwada: ya rubuta awon tsayi da na yatsan fursunoni 3,000 a kati-kati, ya cakuɗa, ya raba su huɗu-huɗu, samfur 750, duk da hannu. Ni ɗiba 40 na yi na fara ƙorafin ciwon wuya. Na gaya wa ƙanwata, ta ce da fatan katinsa duk girmansu ɗaya.

Na kuma biya bashin 23 ga Janairu a wannan shafin. Murabba'in warwatsuwar taron 1 ne. Raba wa n ya ba da matsakaicin 0.80, raba wa n cire ɗaya ya ba da 1.00.

Laraba, 5 ga Maris

Jiya na je wa abokiyar aikin da amsa, da zanen kwabo 100 a hannu. Na ce in babu komai, irin wannan sakamako ko wanda ya fi shi nisa ba ya zuwa sai ƙasa da sau 5 cikin 100. Ta ce, "Wato kashi 95 gaskiya ne ke nan?" Na ce a'a, na zaro teburin mutum 10,000. Mun ci minti 40, ban tabbata ta gamsu ba. Ta ce in kawo gwangwanin.

Lissafin abin da ya tafi: awa 58 cikin wajen 70 da na tsara, littafin rubutu ɗaya da rabi, dayis ɗaya da ya shige ƙarƙashin kabad. Abin da bai zauna ba har yanzu: yaushe ake gwajin ɓangare ɗaya, yaushe na biyu, da kuma abin da darajar 'yanci take nufi in an wuce n cire ɗaya.

Zango na gaba makonni shida ne, daga Litinin 10 ga wata. Makonni biyu kan kwatanta rukuni biyu, har da awon kafin da bayan a kan mutum ɗaya. Mako ɗaya kan gwajin kai-sukwaya, mai kwatanta ƙirgen da aka samu da wanda ake sa rai, kuma dayis huɗun da suka rage zan fara tuhuma, jifa 600 kowanne. Sauran ukun kan dangantaka da layin hasashe. Malam ya ce in bar Excel in koma R, manhajar ƙididdiga, kafin lokacin, don kada A zuwa T ta sake cina. Na sauke shi daren jiya, ya buɗe, ya tsaya yana jirana da alama ɗaya a farin shafi. Jajayen maɓallan kuma ƙanwata ta kwashe.